Jarome Iginla: ƙwallo 625 a NHL amma babu Kofin Stanley, zaman Calgary ne ya cuce shi?

Bakano_Calgary:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yawancinmu ƙwallon ƙafa muke bi, amma akwai waɗanda zaman Kanada ya sa suka kamu da son hokin ƙanƙara, su nake so su tanka, sauran ma ku matso. Maganar Jarome Iginla ce. An haife shi a Edmonton ranar 1 ga Yuli 1977, mahaifinsa Bayarabe ne daga Najeriya, mahaifiyarsa Ba'amurkiya. Kaka 20 ya yi a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Kanada da Amurka, wasa 1,554, ya ci 625, ya bayar aka ci 675, maki 1,300 cif. Zinare biyu a Olamfik, 2002 da 2010. Amma har ya ajiye sanda a 2018 bai taɓa ɗaga Kofin Stanley, kofin zakarun gasar, ba. Ni dai a ganina kaka 16 da ya kwashe a Calgary Flames su suka hana shi. Da ya nemi a sallame shi tun 2008 ko 2009 yana kan ganiyarsa, da yanzu sunansa na jikin kofin. Ina son Flames, amma gaskiya ɗaya ce. Me kuka gani?

Dogo_Maradi:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, ku taimaka mana mu da ba mu taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji. Yaya wasan yake, kuma 625 ɗin nan da yawa ne ko kaɗan?

Malam_Lissafi:
@Dogo_Maradi kowane ɓangare mutum shida ne a fili har da gola. Suna sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulu a kan ƙanƙara, kowa da sandarsa. Abin da ake bugawa wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, a daskare ake sako shi don kada ya riƙa tsalle. Wasa kashi uku ne, kowanne minti 20, kuma agogo yana tsayawa duk lokacin da aka busa. Gudun ya yi tsananin da da wuya ɗan wasa ya jure minti biyu a jere, shi ya sa 'yan wasa ke shiga su fita kusan duk daƙiƙa 45, wasa na tafiya. A zamanin Iginla wasa 82 kowace ƙungiya ke bugawa a kaka, sannan ƙungiyoyi 16 su shiga zagayen fitar da gwani. Zagaye huɗu ne, a kowanne sai ka doke abokin karawarka sau huɗu cikin bakwai. Wato nasara 16 kafin ka taɓa kofi, a cikin wata biyu, da targaɗe da karaya a jiki.
625 kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya ci 30 a kaka ana kiransa gwani, Iginla ya yi haka kaka 11 a jere.

Dogo_Maradi:
Madalla, na gode Malam. Ku ci gaba, muna saurare.

Tsohon_Direba_17:
@Bakano_Calgary ɗan'uwa, kana magana kamar Calgary ba ta taɓa kai shi bakin kofin ba. Ina garin nan a 2004, ina tuƙa tasi. Ƙungiyar ta yi kaka bakwai a jere ba ta shiga zagayen fitar da gwani ba, ba wanda ya sa ta a lissafi. A farkon kakar aka ba Iginla kyaftin, Craig Conroy ne ya sauka ya miƙa masa. Koci Darryl Sutter ya ɗauko wani gola ɗan Finland, Miikka Kiprusoff, da ke zaman benci a San Jose. Sai ga su sun fitar da Vancouver, sun fitar da Detroit, sun fitar da San Jose, duka ukun kuwa su ne zakarun rukunansu. Titin 17th Avenue ya zama ja wur da mutane duk daren wasa, mota ba ta iya ratsawa, har aka sa masa suna Red Mile. Iginla ya ci 13 a wannan zagayen, ba wanda ya kai shi.
A karon ƙarshe da Tampa Bay, Calgary na gaba da uku da biyu, wasa na shida kuma a gida. Ana 2 da 2 a kashi na uku, faifan ya bugi takalmin Martin Gelinas ya nufi raga, golan Tampa, Khabibulin, ya tare da ƙafa. A wani hoton talabijin za ka rantse ya haye layi. Ba a tsayar da wasa an duba ba. Martin St. Louis ya ci a ƙarin lokaci na biyu, aka koma Tampa, suka ci 2 da 1 a wasa na bakwai. Ta leƙo ta koma. Mutumin da tazarar da ke tsakaninsa da kofi ba ta kai faɗin yatsa ba, yaya za a ce zama ne ya cuce shi?

Bakano_Calgary:
Baba, ban musa 2004 ba. Abin da ya biyo baya nake magana. 2006 Anaheim ta fitar da su a zagayen farko, 2007 Detroit, 2008 San Jose, 2009 Chicago. Sau huɗu a jere a zagayen farko. Daga 2010 kuma ko shiga ba su ƙara yi ba har ya tafi. A 2007 ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 35, ya ɗaure kansa. A nan ne nake ganin ya yi sake.

Malam_Lissafi:
Kada a manta kakar 2004 zuwa 2005 ba a buga ta gaba ɗaya ba. Masu ƙungiyoyi suka rufe filaye saboda taƙaddamar albashi da ƙungiyar 'yan wasa. Iginla na da shekara 27 a lokacin, ya fito daga wasan ƙarshe da zafinsa, ƙungiyar a haɗe take. Wannan shekarar da aka rasa ta fi komai yi masa illa a ganina, kuma ba laifin Calgary kaɗai ba ne. Da aka dawo an zo da dokar iyakance jimillar albashin kowace ƙungiya, dala miliyan 39 a shekarar farko, an kuma tsananta hukunta riƙo da maƙale mutum da sanda. Irin wasan Sutter na ƙarfi da matsi sai ya rage tasiri.

Zazzau_Ko_Da_Me:
Ku gafarce ni in ɗan kauce. Kuna ta kiran Iginla ɗan Najeriya, alhali a lardin Alberta na Kanada, inda Edmonton da Calgary suke, aka haife shi. Wanda aka fara haifa a Najeriya ya buga NHL, a Zariya aka haife shi, 1975. Rumun Ndur. Yana ƙarami iyayensa suka koma Kanada, ya tashi a Ontario. Buffalo ta zaɓe shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1994, ya buga wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta, jimilla wasa 69. Mai tsaron baya ne. A duk lokacin da aka zo maganar 'yan Najeriya a hoki sai a tsallake shi, abin yana ci mini rai.

Hajiya_Mai_Shago:
Ikon Allah, Zariya dai tamu? Wallahi yau na fara ji.

Kumasi_Zango:
@Zazzau_Ko_Da_Me kai ma ka taɓo inda nake so. Mu daina wannan ɗabi'ar ta rungumo duk wanda ya yi suna mu ce namu ne. Iginla ɗan Kanada ne, rigar Kanada ya sa, taken Kanada aka rera masa. Iyayensa sun rabu yana jariri, a St. Albert ya girma hannun mahaifiyarsa da kakanninsa na wajen uwa, kakansa ne ya riƙa kai shi fili. Me Najeriya ta zuba a cikinsa? Ko fili ɗaya?

Zazzau_Ko_Da_Me:
Ba wanda ya ce Najeriya ta horar da shi. Amma ɗa na ubansa ne, a wajenmu haka yake kuma a wajen Yarbawa haka yake. Sunan da ke bayan rigarsa mai lamba 12, wadda Calgary ta rataye a rufin filinta a 2019 ba mai ƙara sa ta, sunan gidansu ne na Najeriya. Yana iya zama ɗan Kanada kuma jininmu, ɗaya ba ta kore ɗaya.

MamanAiman_Edmonton:
Ni abin da zan ce a kan wannan, ku tambayi yaranmu da aka haifa a nan. Ɗana yana buga hoki, kuma sau da yawa shi kaɗai ne baƙi a ɗakin sauya kaya. Ba ruwansa da wace tuta Iginla ya ɗaga. Abin da ya gani shi ne mutum mai irin fatarsa da harafin kyaftin a ƙirji. Shi kansa Iginla ya sha faɗa cewa yana yaro Grant Fuhr, golan Edmonton, yake kallo ya ji zai iya, har ma a raga ya fara tsayawa kafin ya koma gaba.

Sarkin_Tasha:
Ai shi ne baƙar fata na farko da ya zama kyaftin a NHL, wannan kaɗai ya isa.

Malam_Lissafi:
@Sarkin_Tasha ana yawan faɗin haka, amma Dirk Graham ya riƙe kyaftin ɗin Chicago tun 1989, kuma yana da jinin baƙar fata, don haka da yawa shi suke lissafawa na farko. Abin da ba jayayya a kansa shi ne 2002: Iginla ya ci 52, ya tara maki 96, ya fi kowa a duka biyun, kuma shi ne baƙi na farko da ya jagoranci gasar a maki. 'Yan wasa 'yan'uwansa suka zaɓe shi gwarzon shekara. A kyautar Hart kuwa, wadda 'yan jarida ke zaɓe, suka yi kunnen doki da José Théodore, golan Montreal, aka ba Théodore saboda ya fi samun ƙuri'un matsayi na ɗaya. Kuma ku lura, a wannan shekarar da ya fi kowa a duniya, Calgary ko zagayen fitar da gwani ba ta shiga ba. Wannan hujja ce ga mai zaren nan.

Bakano_Calgary:
Yauwa Malam. Abin da nake faɗa ke nan. Iginla ɗan gefen dama ne, aikinsa bugu, yana buƙatar ɗan tsakiya mai raba faifai. Su wa aka ba shi? Conroy, Daymond Langkow, Olli Jokinen. Mutanen kirki, 'yan wasa masu kyau, amma ba ɗaya a cikinsu da ya kai ajinsa. Ku dubi abin da ya faru da aka haɗa shi da manya. A Olamfik na Salt Lake City 2002 an sa shi layi ɗaya da Joe Sakic, ya ci biyu a wasan ƙarshe, Kanada ta doke Amurka 5 da 2, zinarenta na farko cikin shekara 50. A Vancouver 2010 kuma, ƙarin lokaci, 2 da 2 da Amurka, ana danne shi a jikin katanga yana faɗuwa ya tura wa Sidney Crosby faifan da ya ci. Ƙwallon da ta fi kowace shahara a Kanada a wannan ƙarnin daga sandarsa ta fito. Ku ƙaddara a ce irin waɗannan yake tare da su wasa 82 a shekara.

Tsohon_Direba_17:
To ai ya gwada abin da kake so ɗin, me ya fito? Maris 2013 Calgary ta amince ta sallame shi. Yana da sharaɗi a kwantiraginsa cewa ba a kai shi ko'ina sai da yardarsa. Boston ta ɗauka ciniki ya faɗa, shi kuma ya zaɓi Pittsburgh saboda taurarinta Crosby da Malkin. Sai ga Boston da Pittsburgh a wasan kusa da na ƙarshe, Boston ta share su huɗu ba ko ɗaya, ƙwallo biyu kacal Pittsburgh ta ci a wasa huɗu. Ya koma Boston a kaka ta gaba, ya ci 30, suka fi kowa maki a gasar, Montreal ta fitar da su a zagaye na biyu. Ya tafi Colorado, ba labari. Aka kai shi Los Angeles a 2017 wajen tsohon kocinsa Sutter, ba su shiga ba. Pittsburgh da ya bari ta ɗauka a 2016 da 2017. Ƙungiya huɗu ya zaga, ƙanena. Abin da ba rabonka ba ne ko ka bi shi da gudu ba ka kama shi.

Bakano_Calgary:
Yana da shekara 35 ya tafi, Baba. A hoki wannan tsufa ne. Iginlan 2008 da ya ci 50 daban, na 2013 daban.

Dan_Arsenal_Gombe:
Wannan muhawarar tamu ce ta Harry Kane da Tottenham sak. Ya zauna har 2023 yana cin ƙwallaye ba kofi, ya tafi Bayern, a 2025 ya ɗaga Bundesliga. Da bai tafi ba da har yanzu ana yi masa gori. Ina bayan @Bakano_Calgary.

Malam_Lissafi:
Akwai bambanci, ɗan Gombe. A Jamus in ka je Bayern kusan ka san za ka ɗauka. A NHL dokar albashi ta hana ƙungiya ɗaya tara duk gwanaye, sababbin yara kuma zaɓe ake yi, waɗanda suka fi shan kashi su ke samun damar fara ɗauka. Ɗan wasa ba ya zaɓar inda zai fara. Shi kansa Iginla Dallas ce ta zaɓe shi na 11 a 1995, bayan ya ɗauki Kofin Memorial na gasar matasa sau biyu da Kamloops, kuma ko wasa ɗaya bai buga mata ba ta ba da shi ga Calgary a watan Disamba don ta karɓi Joe Nieuwendyk. Ga wani abu kuma: gwanin gwanaye a 'yan gaba kusan minti 20 yake yi cikin 60. Sauran minti 40 yana benci yana kallo. Shi ya sa manya da yawa suka ƙare ba kofi: Marcel Dionne da ƙwallo 731, Joe Thornton, Patrick Marleau da ya fi kowa yawan wasa a tarihi, Henrik Lundqvist.

Kumasi_Zango:
Nieuwendyk ɗin da aka musanya shi da shi kuwa kofi uku gare shi, Calgary 1989, Dallas 1999, New Jersey 2003. Dallas ba ta yi asara ba ke nan.

Hajiya_Mai_Shago:
Ni tambayata daban ce. Na ga wani bidiyo ana dambe a tsakiyar fili, alƙalai na tsaye suna kallo. Shi ma wannan bawan Allah yana yi? Wane irin wasa ne wannan?

Tsohon_Direba_17:
Yana yi, Hajiya, kuma ya iya. A NHL in mutum biyu suka yar da safar hannu suka dambace, hukuncin minti biyar ne a benci, ba kora ba. A wasa na uku da Tampa a 2004 ya dambace da Vincent Lecavalier, taurarin ƙungiyoyin biyu ke nan, a karon ƙarshe. Filin kamar zai tsage. Abin da ya sa mutanen Alberta suke ƙaunarsa ke nan: zai ci ƙwallo, zai tare wa yaransa faɗa, a gama kuma ya tsaya yana murmushi yana sa wa yara hannu a riguna har sai layi ya ƙare.

Likitan_Kwakwalwa:
Baba, da girmamawa, wannan ɓangaren ba abin yabo ba ne. Iginla ya fita lafiya, mun gode Allah, amma akwai waɗanda dambe ne kaɗai aikin da aka ɗauke su yi. A 2011, cikin 'yan watanni, Derek Boogaard da Rick Rypien da Wade Belak suka mutu, dukansu an san su da dambe. Da aka duba ƙwaƙwalwar Boogaard an tarar da ciwon da yawan bugun kai ke haddasawa, yana da shekara 28. Bob Probert ma an same shi da shi bayan rasuwarsa a 2010. A Olamfik in ka yi dambe korarka ake yi daga wasan, kuma ba wanda ya ce wasan 2010 bai yi daɗi ba. @Zazzau_Ko_Da_Me, Ndur ɗinka ma yawanci wannan aikin aka sa shi, ya fi tara mintunan hukunci a kan ƙwallaye nesa ba kusa ba.

Zazzau_Ko_Da_Me:
Haka ne likita. Amma a zamanin, ga mai tsaron baya mai jiki irin nasa, ƙofar da aka buɗe masa ke nan. Ya shiga ta ita, ya buga wasa 69 a gasar da dubbai ke mafarkinta ba su taka ko sau ɗaya ba.

Ebira_Toronto:
Tunda ana lissafa namu, ku sa Akim Aliu. A Okene aka haife shi a 1989, uwarsa 'yar Yukren, ya yi yarinta a Kyiv, suka zo Toronto yana ɗan shekara bakwai ba ya jin Turanci. Yana da 16 a ƙungiyar matasa ta Windsor ya ƙi yarda da wulaƙancin da ake yi wa sababbi, na cusa su tsirara a banɗakin mota. A wajen atisaye abokin wasansa Steve Downie ya buge shi da sanda a baki ya zubar masa da haƙora. Chicago ta zaɓe shi a 2007, amma wasa bakwai kawai ya buga a NHL, dukansu da Calgary, a ɗaki ɗaya da Iginla. A Nuwamba 2019 ya fito ya faɗi kalmar ƙasƙanci da koci Bill Peters ya yi amfani da ita a gabansa shekaru goma baya a ƙaramar gasa, Peters ya ajiye aikin kocin Calgary cikin 'yan kwanaki. A 2020 shi da Evander Kane da wasu suka kafa Hockey Diversity Alliance, ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata a hoki.
Na kawo wannan ne don kada labarin Iginla ya sa mu ɗauka hanyar a share take. 'Ya'yan 'yan Najeriya biyu, riga ɗaya, ɗaya wasa 1,554 ɗaya bakwai. Ba na cewa baiwarsu ɗaya. Ina cewa yaron da aka laƙaba wa suna mai taurin kai tun yana 16 don ya ƙi a tozarta shi, da wuya ya ƙara samun adalci.

MamanAiman_Edmonton:
@Ebira_Toronto Allah ya saka. Wannan ne yake hana ni barci wani lokaci. An taɓa gaya wa ɗana magana a fili, wani yaro daga ƙungiyar da suka kara da ita. Kocinmu ya tsaya tsayin daka har aka hukunta yaron, amma kwana biyu ɗana bai son zancen wasa.
Ga kuma tsada. Takalmi, hular kwano, sulken kafaɗa da na gwiwa, sanda mai kyau ɗaya sai ta haura dala 300 kuma tana iya karyewa a wasa ɗaya, yaro kuma kullum girma yake. Kuɗin rajista daban, man mota zuwa garuruwa daban, atisaye ƙarfe shida na safe a tsakiyar hunturu. Mu kayan gwanjo muke saya. A nan ne nake ganin girman Iginla fiye da kofi. Shekara da shekaru duk ƙwallon da ya ci yana ba KidSport kuɗi, ya fara da dala 1,000 ya mayar 2,000, su kuma suna biya wa yaran marasa ƙarfi rajista. A Salt Lake ya haɗu da wasu mutanen Calgary huɗu da ke kwana a mota don ba su sami masauki ba, ya kama musu ɗaki a otal da kuɗinsa. Da ya tafi tun 2008 kamar yadda ake so, yaran Calgary ne za su yi rashi.

Bakano_Calgary:
Maman Aiman, Allah ya raya mana Aiman, ya kare shi. Ban taɓa shakkar halinsa ba. Amma alheri ana iya yinsa daga ko'ina, kofi kuwa lokaci gare shi. Shi da kansa ya nuna yana so, in ba haka ba me ya kai shi ƙungiya huɗu cikin shekara huɗu yana dab da 40? Dubi Ray Bourque. Shekara 21 a Boston, ya nemi a kai shi Colorado a 2000, a 2001 suka ɗauka, kyaftinsu Sakic ya karɓi kofin bai ko ɗaga ba ya miƙa masa. Mutanen Boston ba su ji haushi ba, taruwa suka yi a dandalin gari suka yi masa murna.

Tsohon_Direba_17:
Bourque yana da shekara 40 ya ɗauka. Ka ga ke nan ba makara Iginla ya yi ba, tunda ya riga Bourque tashi da shekara huɗu. Ɗaya ya dace, ɗaya bai dace ba.

Dan_Arsenal_Gombe:
Baba ya kama ka a nan fa.

Bakano_Calgary:
Bai kama ni ba. Bourque mai tsaron baya ne, su suna daɗewa. Kuma sa'a ɗaya ba ta zama doka. Wanda ya ba kansa shekara takwas a babbar ƙungiya ya fi wanda ya ba kansa biyu damar dacewa, wannan lissafi ne.

Dogo_Maradi:
Ni da na shigo ban san komai ba, abin da na fahimta shi ne ƙungiyoyin Kanada ne ba su da ƙarfi. Ko kuwa?

Malam_Lissafi:
@Dogo_Maradi akwai ƙamshin gaskiya. Bakwai ne a Kanada cikin 32. Montreal ta ɗauka a 1993, daga nan har 2025 ba wadda ta ƙara. Vancouver ta kai wasa na bakwai a 1994 da 2011, Calgary 2004, Edmonton 2006 da 2024, duk suka faɗi. Kafin dokar albashi dalar Kanada ta yi rauni ƙwarai, ƙananan garuruwa irin su Calgary suna karɓar kuɗin shiga da dalar Kanada suna biyan albashi da ta Amurka. Shi ya sa suka riƙa sakin manyansu, Nieuwendyk a 1995, Theoren Fleury a 1999. Winnipeg da Quebec ma rasa ƙungiyoyinsu suka yi gaba ɗaya a tsakiyar shekarun 1990. Iginla ya yi rabin farko na aikinsa a ƙungiyar da ke fafutukar rayuwa. Cewa ya ci 525 a rigarta a wannan hali, shi ne abin da na fi jinjina wa.

Kumasi_Zango:
Kuma dai an sa shi a zauren gwanayen hoki da ke Toronto a 2020, a shekarar farko da ya cancanta. Kafin shi baƙaƙe uku ne a ciki: Fuhr, Angela James, da Willie O'Ree wanda ya fara buɗe ƙofar a Boston a 1958 yana gani da ido ɗaya. Waɗanda suka san wasan ba su jira kofi ba kafin su yanke hukunci.

Hajiya_Mai_Shago:
Yanzu yana ina? Yana da 'ya'ya masu yi?

MamanAiman_Edmonton:
Ya dawo Calgary a 2023, Hajiya, yana ba manajan ƙungiyar shawara, manajan kuwa shi ne Conroy da ya ba shi kyaftin. Ɗansa Tij, Utah ta zaɓe shi na shida a 2024, ya riga uban da hawa biyar.

Sarkin_Tasha:
To ai magana ba ta ƙare ba ke nan. Ana sassaƙa sunaye har 52 a jikin kofin duk shekara, har da shugabanni da ma'aikata. In Calgary ta ɗauka yana ofis, sunansa zai hau.

Bakano_Calgary:
Zai hau, kuma zan fi kowa murna. Amma ka tambayi duk wanda ya taɓa sa takalmin nan, na ofis daban, wanda ka ɗaga da gumi a jiki kana kyaftin daban. Wancan a 2004 ya wuce, kuma shekarun da ya kamata a sake nema masa shi, daga 2006 zuwa 2012, an ƙarar da su ana neman ɗan tsakiyan da ba a samo ba.

Tsohon_Direba_17:
A kan ɗan tsakiyan na yarda da kai, wannan laifin shugabannin ƙungiya ne. A kan cewa ya kamata ya gudu, ban yarda ba, kuma faifan Gelinas ya haye layi.